Na kayar da babur ɗin kawuna a ƙofar gidan su budurwata

Assalamu alaikum Baba. Ni matashi ne ɗan shekara 23, a Aboabo nake zaune a nan Kumasi, ina tsaron shagon kawuna a Alabar. Wata uku ke nan da kawu ya sayi sabon babur ƙirar Boxer don kai wa masu saye kaya. Wata Asabar ya aike ni, a hanyar dawowa na ratse Sawaba wurin yarinyar da nake nema. Da muka gama gaisawa na zo juyawa a lungunsu, wani yaro ya gilma, na damƙe birki, sai kawai na gan ni a ƙasa babur a kaina. Wallahi Baba ba gudu nake ba, mai tafiya da ƙafa ma ya fi ni sauri. Ƙannenta da samarin da ke shan shayi a bakin lungu suka bushe da dariya. Hannun birki ya karye, madubi ya tsage, tanki ya ƙwarzane, salansa ta ƙona ni a ƙafar dama.

Na kai wa fita, wato makanike, ya canza hannun birki da madubi, na liƙa sitika a kan tankin, ban gaya wa kawu ba. Yanzu ya lura kan babur ɗin ya karkace, kuma zarginsa ya faɗa kan ƙaramin yaron shagonmu, har ya ce zai cire kuɗin gyara daga ɗan abin da yake ba shi. Ƙunar na shafa mata man goge baki, yau kwana tara tana ruwa. Tun ranar ban koma Sawaba ba, kuma in na hau babur jikina rawa yake. Abokaina suna cewa ishara ce, wai yarinyar farar ƙafa gare ta. Baba yaya zan yi?

Wani ɗanka daga Aboabo

Wa alaikumus salam ɗana.

Kafin mu taɓa maganar kawu ko ta Sawaba, naɗe ƙafar wandonka ka dubi ƙunar nan da kyau. A cikin wasiƙarka ita ce ka ba layi ɗaya, ni kuwa ita ta fi tayar mini da hankali. Salansar babur ɗin da ya yi tafiya ta fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba, kuma idan babur ya danne ƙafa, ƙarfen yakan daɗe a kan fata kafin a janye. Shi ya sa ƙunarta takan yi zurfi fiye da yadda ido ke gani. Wani abin ruɗin ma shi ne, mai zurfin sosai ba ta cika zafi ba, domin jijiyoyin da ke jin zafin sun ƙone, sai mutum ya ɗauka sauƙi ya samu. Ƙunar da ta kwana tara tana ruwa a ƙarƙashin wando, cikin zufar Kumasi da ƙurar Alabar, ta wuce maganin gida. Ka ɗauki katinka na inshorar lafiya ka je asibiti yau ɗin nan. Asibitin Manhyia ba shi da nisa da ku, idan kuma suka ga abin ya fi ƙarfinsu za su tura ka babban asibitin Komfo Anokye, inda akwai sashen masu ƙuna. Ka gaya musu gaskiyar abin da ka shafa, ka kuma tambaye su batun allurar tetanus. In ka ga jan yana yaɗuwa, ko wurin ya kumbura, ko yana fitar da mugunya da wari, ko zazzaɓi ya rufe ka, to kada ma ka jira a tashi daga shago.

Man goge bakin nan ban san wanda ya fara koya mana shi ba. Wasu baƙin mai suke shafawa, wasu ɗanyen ƙwai, wasu manja, na taɓa ganin wanda ya barbaɗa toka. Duk datti suke ƙara wa ciwo. Abin da ƙuna ke so a lokacin da ta faru shi ne ruwa mai sanyi yana kwarara a kanta kamar minti 20, ruwan famfo ko na leda, ban da ƙanƙara, sannan a rufe da ƙyalle mai tsabta, kuma kada a fasa bororon. Naka ya riga ya wuce, amma ka riƙe saboda wani. Sannan ka murza wuyan hannunka na dama, wanda ka dogara da shi da za ka faɗi. Idan gindin babban yatsa yana ciwo har yanzu, ka nuna wa likita. Akwai wani ɗan ƙaramin ƙashi a wurin da yakan tsage a irin wannan faɗuwa, wani lokaci hoton farko ma ba ya nuna shi, mutane su ce targaɗe ne su yi ta ja.

To, mu dawo kan faɗuwar. Na karanta inda ka rantse cewa ba gudu kake ba, na yi murmushi, domin kai a ganinka wannan ne abin kunyar, alhali shi ne dalilin faɗuwar baki ɗaya. Babur idan yana tafiya shi ke riƙe kansa. In ya karkata dama, tayar gaba da kanta take ɗan juyawa dama ta tallabe shi, ba tare da ka sani ba. Wannan taimakon yana raguwa yayin da gudu ke raguwa, har idan ka sauko tafiyar hawainiya ya ƙare ƙaf, ya rage daga kai sai ƙarfe mai nauyin kilo ɗari da wani abu a tsakanin cinyoyinka. Ka tuna buhun shinkafa babba kilo 50 ne. Ashe buhu biyu da ɗoriya kake riƙe da shi a tsaye kan taya biyu, nauyin tankin mai a sama.

Yanzu ka sake kallon abin da ya faru a lungun. Ka karya kan babur zuwa dama, ya ɗan kwanta kaɗan kamar yadda kowane babur ke yi a kwana. Yaro ya gilma. Yatsunka huɗu suka damƙe birkin gaba. Tayar gaba ta tsaya cak, gaban ya nutsa ƙasa, amma nauyin da ke tafe bai tsaya ba, kuma tunda kan a karye yake, babu inda nauyin zai tafi sai ɓangaren da ka juya. Kafin ƙafarka ta sami ƙasa ya wuce inda ɗan Adam zai iya tare shi. Duk abin bai kai ƙiftawar ido biyu ba. Da za ka tara mahaya moto na Asawase da Aboabo da Tafo ka ce wanda bai taɓa yin wannan ba ya ɗaga hannu, waɗanda za su ɗaga ko dai jiya suka fara hawa, ko kuma suna da ƙarancin gaskiya. Samarin da suka yi maka dariya, ka leƙa ƙwaurinsu wata rana suna alwala, ka ƙirga masu tambarin salansa.

Kuma akwai abin da ba ka faɗa wa kanka ba: ka tsaya. Yaron ya wuce lafiya. Da an ba ni zaɓi tsakanin tsagaggen madubi da ɗan mutane a ƙarƙashin taya a ƙofar gidan da kake neman aure, ka san wanda zan ɗauka. Niyyar hannunka daidai ce, birkin da ya zaɓa ne ba daidai ba.

Ni nawa a ƙofar masallaci ya same ni, ranar Juma'a, mutane sun cika titi. Na sha babbar riga sabuwa fil, na iso a hankali ina amsa gaisuwa, na zo sauke ƙafa sai na ji ta ƙi sauka. Ashe bakin rigar ya naɗe ƙarfen kik. Na san faɗuwa zan yi, na ga ƙasa tana tahowa sannu a hankali, babu abin da zan iya. Na kwanta a gefen wata mai sayar da koko, hulata ta gangara cikin kwata. Wani dattijo da bai san ni ba ya ɗaga babur ɗin tare da ni, ya kakkaɓe mini kafaɗa, ya ce in yi sauri liman ya kusa hawa mumbari. Abin da ya faɗa ke nan. Na yi sati biyu ina zagaye wannan titin, ina ganin kamar kowa labarina yake yi, daga baya na gane babu wanda ya riƙe abin sai ni. Tun ranar nake tattare riga in zauna a kanta kafin in tayar da inji.

Rawar jikin da kake yi ba za ta tafi da lallashi ba, sai hannu da ƙafa sun koyi sabon abu. Idan ƙafarka ta warke, ka nemi fili babu mutane, kamar filin makaranta ranar Lahadi da sassafe. Ka sa giya ta ɗaya, ka saki kuloci rabi, daidai inda kake jin babur ya fara ja, ka riƙe shi a nan. Ka ba shi totur kaɗan wanda ba ya hawa ba ya sauka. Sannan ka ɗora ƙafar dama kan birkin baya ka ɗan taka, kamar mai riƙe akuya da igiya. Za ka ji babur ɗin ya miƙe ya natsu, inji yana ja gaba, birkin baya yana ja baya, kai kana tsakiya. Da haka ake tafiyar cikin cunkoson kasuwar Kejetia, da haka ake juyawa a lungu. Yatsunka kuwa ka ɗauke su daga birkin gaba gaba ɗaya muddin kan babur a karye yake kuma tafiyar ta hawainiya ce. A kan titi, da gudu, birkin gaba shi ne babba, shi ke yin mafi yawan aikin tsayarwa, kada ka ji wannan magana ka tsane shi. A lungu ne kawai yake zama abokin gaba.

Ka ajiye duwatsu biyu ko robobin ruwa, ka yi ta zagaye su, dama da hagu. Idonka ya kasance inda kake so ka je. Wanda ya kalli kwata, kwata zai shiga, wanda ya kalli tayarsa ƙasa zai kai, haka abin yake ko da doki ne. Ka juya kanka sosai har haɓarka ta kusa taɓa kafaɗa, babur zai bi. In kuma dole ka tsaya a tsakiyar juyi, ka fara miƙar da kan, sannan ka taka birki. Rabin sa'a sau uku ko huɗu, za ka ji tsoron ya fara sakinka.

Wajen tsayawa kuma ka saba da sauke ƙafar hagu, ta dama tana kan birki. A garin nan wannan yana da ƙarin amfani. Tun 1974 da Gana ta koma tuƙin hannun dama, kwata tana damanka, kuma ana gina titi da ɗan tudu a tsakiya don ruwa ya gangara gefe. Ke nan ƙasar da ke damanka ta fi nisa da ƙafarka, can kuma yashi da tsakuwa da baƙin man motoci ke taruwa. Kumasi gari ne na hawa da gangara, ba kamar filin Arewa ba. Duk inda ka tsaya a karkace, ka sauke ƙafa ta ɓangaren tudu. Da yawa sun miƙa ƙafa ɓangaren gangara suka taka iska. Silifa kuma ka bar ta a shago, ka sa takalmi mai rufi da ke kama ƙasa.

Sauran faɗuwar tsaye da nake gani kullum ba su da yawa, kuma duk na ganganci ne ƙanana. Mutum ya tura jak ɗin gefe bai kai ƙarshe ba, ya sauka, babur ya biyo shi. Ko ya kafe shi kan jar ƙasar nan tamu bayan ruwan sama, ya shiga gida ya fito ya tarar jak ya nutse babur yana kwance, abin da murƙushasshen gwangwani ko ɗan katako a ƙarƙashin jak zai hana. Ko ya kafe shi a firi yana fuskantar gangara, ya mirgina gaba jak ya naɗe. A gangara ka bar shi cikin giya ta ɗaya, kansa yana kallon tudu. Ko wanda za ka goya ya faɗo baya ba sallama kafin ka kafa ƙafafu biyu. Kai da kake ɗaukar kayan shago, ka sa mai nauyi a ƙasa kusa da bayanka, ka ɗaure tam. Katan uku da aka jera sama a kan kariya, wato ƙarfen ɗaukar kaya na baya, suna iya kayar da gwani.

In ya sake faɗuwa, kuma ina gaya maka zai sake wata rana, kada ka yi kokawa da shi. Idan ya wuce iyaka ka janye ƙafarka ka bar shi ya kwanta. Masu ƙoƙarin tare shi su ne ke samun ciwon baya da karaya. Ka kashe inji, ka rufe makunnin mai, ka tsaya ka numfasa. Kunya takan sa mutum ya sunkuya ya fizgo shi da ƙugu don a daina kallonsa, nan ake jin ciwon da ya fi na faɗuwar. Idan ta dama ya kwanta, ka sa shi a giya don kada ya gangara, ka buɗe jak ɗin gefe tun yana ƙasa, don kada ka ɗaga shi ya zarce ɗaya ɓangaren. Ka juya masa baya, ka tsuguna ƙugunka ya jingina da gefen kujera, hannu ɗaya ya kama hannun babur na ƙasa, ɗaya ya kama ƙarfen kariya, ka tura da cinyoyi kana ja da baya da ƙananan taku. Mace ma tana ɗaga babur da wannan dabara. In akwai mutane, ka ce a taimaka maka, ba a taɓa rasa mai kamawa a zango ba. Idan ya ƙi tashi bayan an ɗaga, mai ne ya cika kafireta, ka ba shi 'yan mintuna ka sake bugawa. Ka duba baƙin mai, ka matsa birki biyu ka tabbatar suna kamawa kafin ka hau titi.

Karkacewar kan da kawu ya gani, galibi ba babban abu ba ne. Ko dai ƙarfen hannun ne ya lanƙwashe, ko kuma ƙafafun gaba biyu da ke riƙe da taya sun ɗan murɗe a mazauninsu. Na biyun, fita yakan sassauta kusoshi ya daidaita ya ɗaure, aikin da bai kai a sha shayi a gama ba. Na farkon kuma a canza ƙarfen, kuma kayan Boxer ba wahalar samu suke ba a garin da ke da Magazin na Suame, matattarar makanikai da masu sayar da kayan gyara. Amma fa a duba shi da wuri, domin babur mai karkataccen kai ana yawo da shi da kaya cikin motoci da pragya, wato keke mai ƙafa uku, hatsarin da zai jawo ya fi wanda ya wuce. Ka lura da wannan: shirunka ya sa kawunka da yaron suna hawa abin da ba su san ya faɗi ba.

Ga mu mun iso inda nake so mu zauna. Ɗana, faɗuwar babur tsautsayi ne, kuma tsautsayi ba ya wuce ranarsa. Sitikar da ka liƙa tsoro ne, na fahimce shi, ni ma na yi ƙuruciya. Amma tun daga ranar da kawu ya dubi yaron nan ya ce shi ne, kai kana tsaye kana jin su ka yi shiru, maganar ta tashi daga babur. Yaron da ake ba ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, wataƙila ma daga ciki yake aika wa uwarsa, shi zai biya kuɗin hirarka ta Sawaba? Kuma ba kuɗin kaɗai ba. An ɗora masa sunan mai ɓarna mai ƙarya a wurin maigidansa, sunan da yakan bi yaro shekaru. Shi ya san ba shi ba ne, kuma ina kyautata zaton ya san ko wane ne, a shago ɗaya kuke. Kullum da safe yana kallonka yana jira ya ga ko za ka buɗe baki. Wannan hakki ne, kuma shi ne abin da ke hana ka barci, ko da kai kana ɗauka dariyar samarin Sawaba ce.

Ramin ƙarya ƙurarre ne, naka kuwa ya ma fi kowanne gajarta. Fita ya sani. Ƙannen yarinyar sun sani. Majalisar shayi guda ta sani, kuma tsakanin Sawaba da Alabar babu nisan da labari ba zai taka da ƙafa ba. Hannun birkin da aka canza ba zai yi kama da na kuloci ba ga mai lura. Wata rana ruwan sama zai ɗaga bakin sitikar. Ko dai kawu ya ji daga bakinka a wannan mako, ko ya ji daga bakin wani a wurin ɗaurin aure ana raha, ka zaɓi wanda za ka iya ɗauka.

Ba ni da ilimin da zan yi maka fatawa kan wanda ya wajaba ya biya, wannan sai malamai, kuma sun yi bayani mai faɗi kan aro da amana. Amma akwai abin da kowa ya ji a karatu. A shekara ta 8 bayan Hijira, da za a fita yaƙin Hunaini, Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya ari sulke a wurin Safwanu ɗan Umayya, wanda a lokacin bai musulunta ba. Safwanu ya tambaya ko ƙwace ne, aka amsa masa cewa aro ne mai lamuni. Da wasu suka ɓata, aka yi masa tayin biya. Kai kuma naka akwai ƙari, domin ba a aike ka Sawaba ba. Ratsewar ma tana cikin abin da za ka faɗa. Kada ka je ka ba da rabin labari ka ce a hanyar aike ya faɗi, sai ka sake haƙa wani ramin a gefen na farko.

Kada ka yi maganar a shago gaban masu saye, kada kuma ka yi ta ta waya. Ka same shi a gida bayan sallar isha'i, ya ci abinci ya huta. Ka durƙusa kamar yadda aka koya maka, ka fara da wanke yaron kafin komai: Kawu, na zo ne kan maganar babur, ba yaron nan ba ne, ni ne. Sannan ka faɗi ranar, da wurin, da abin da ya karye, da abin da ka canza, da abin da ke ƙarƙashin sitika. Ka ce za ka biya gyaran daga naka, ko da kaɗan-kaɗan ne duk wata. Daga nan ka yi shiru. Zai yi faɗa, yana da hakki. Kada ka ce ai yaro ne ya gilma, ai lungun ne matsattse, ai kowa ma yana faɗuwa. Waɗannan ni ne zan faɗa maka su, kai ba naka ba ne ka faɗa masa. Idan kana jin bakinka ba zai buɗe ba, ka fara gaya wa mahaifiyarka, ɗan'uwanta ne, ta san ta inda ake shigarsa. Amma ta raka ka ne kawai, maganar daga bakinka za ta fito.

Wataƙila ya karɓe makulli na wani lokaci. Ka haƙura, ka hau trotro, ƙaramar motar haya. Na san iyayen gida irin kawunka da yawa a Alabar da Kejetia, kuma abin da na lura shi ne ƙwarzanen tanki ba ya daɗewa a ransu. Abin da suke aunawa shi ne wa za su bar wa shago da aljihun tebur in tafiya ta kama su. Washegari kuma ka sami yaron, ku biyu, ka ba shi haƙuri da baki, ba da wasa ba. In an riga an cire masa wani abu, ka mayar masa a hannu. Girmanka ba zai ragu ba don ka ba na ƙasa da kai haƙuri.

Tunda za ku zauna da kawu, ka haɗa da wata maganar. Ba ka ambaci hular kwano ba a wasiƙarka, ban kuma ji ka ambaci lasisi ba. Dokar hanya ta 2004 ta wajabta hular kwano ga mai tuƙi da wanda aka goya, kuma lasisin babur, rukunin A, a ofishin DVLA, hukumar ba da lasisin tuƙi, ake yinsa. Bar ma batun 'yan sanda. Kan mutum daga kan kujerar babur zuwa bakin kwatar siminti tazara ce da ta isa ta fasa shi ko babur bai motsa ba. Ka yi sa'a ƙafa ce ta karɓa.

Saura abokanka da farar ƙafarsu. Ka tambaye su, yarinyar ce ta damƙe birkin? Tana tsaye a ƙofar gidansu, ba ta taɓa babur ba, ba ta aiko yaron da ya gilma ba. Wannan camfi ne da addini ya hana, kuma mummunan abu ne a liƙa wa 'yar mutane, domin irin wannan suna in ya fita a unguwa yakan kori manema daga gida. Mu maza mun iya wannan, mu yi kuskure da hannunmu mu nemi macen da za mu rataya wa. Ka tsawata musu tun maganar ba ta bar majalisarku ba.

Ka kuma yi tunanin yadda abin yake a wurinta. Ta ga ka faɗi, ta ga ka tashi kana ɗingishi, ka tafi, kwana tara babu kai babu saƙo. Ba ta san ko ka ji ciwo ba, ba ta san ko fushi kake da ita saboda dariyar ƙannenta ba. In tana sonka, ita ma ba ta cikin daɗi. Ka kira ta yau bayan ka fito daga asibiti, ka gaya mata an wanke ƙafar an ɗaure. Ranar Asabar ka je da ƙafarka ko a pragya, da bandejinka a fili. Ka tsaya a majalisar shayin ka yi musu sallama, ka rigaye su tsokanar kanka, ka ce ka zo duba ko ramin da ka haƙa yana nan. Za su yi dariya, wani zai matsa maka a benci, kafin a zuba zagaye na biyu wani zai naɗe wando ya nuna maka nasa tabon. Ƙannen kuma ka riƙe musu alewa, ka tambaya a nuna maka yaron da ya gilma, ka ga ko shi ma ya tsorata.

Allah ya ba ka lafiya, ya sanyaya zuciyar kawu. Ka rubuto mini bayan kun yi maganar, ina so in ji yadda ta kaya da yaron shagon.